Ƙusar da Ke Jiran Gizagon Baba

Silver Spring,
9 ga Maris, 2014.

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan? Ina gaida Inna da duk mutanen gida a Yawuri. Tunda kunnenku ba ya son waya yanzu, na rubuto, ƙanena Nasir ya karanta muku a hankali.

Jikanku Khalil ya ajiye aikin kwamfuta a Sterling, ya koma sassaƙar jirgin ruwa, sana'arku. Kada ku yi dariya. Matarsa Constance 'yar gidan masassaƙa ce, a wani ƙaramin gari bakin tekun Chesapeake, nan Amurka. Mahaifiyarta Irene ta zaunar da ni ta ba ni tarihinsu, har na ji kamar a zaurenku nake. Kakan Irene ya rasa mai sayar masa da jirgi saboda baƙar fatarsa, sai ya sari itace ya yi nasa. Masu kamun ƙaguwa suka gani, suka riƙa zuwa. Mahaifinta ya gina rumfar aikin, shi ya fara sa wa jiragensu inji. Ita da mijinta suka riƙe sana'ar har Allah ya yi masa rasuwa. Kayan aikin kowannensu suna rataye a bango, kowa da ƙusarsa.

Yanzu hannun Irene ya soma rawa saboda tsufa, masu gina otal kuma suna zawarcin filin. Khalil ya daɗe yana zuwa koyo ranakun hutu, don haka ta ce ya yi jirgi guda da hannunsa. In ya tsaya a ruwa, za ta bar musu rumfar shi da Constance. In bai tsaya ba, ta sayar. Maigidana, Baban Khalil, bai so ba, yana cewa ba don ɗaukar guduma ya kai yaro jami'a ba. Ni kuwa kullum ina gaya wa ɗalibaina na ajin Hausa cewa kakanninsu masu sana'a ne. Ta yaya zan hana nawa ɗan?

Ku sa shi a addu'a.

'Yarku,
Saudatu.

Silver Spring,
22 ga Yuni, 2014.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, damina kuma ta sauka da albarka. Nasir ya isar mini da saƙonku, wai ɗan Amurka ko muciya ba zai iya sassaƙawa ba. Na gaya wa Khalil, ya ce a faɗa wa tsohon ya shirya jin kunya.

An saukar da jirgin. Duk garin ya fito, ni ma na kwaso ɗalibaina a mota. Da ya zauna a kan ruwa, sai ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin katakai, ya rufe ƙasansa. Baban Khalil, Bakano da bai san ruwan da ya wuce na buta ba, ya naɗe babbar riga, ya fizgi bokiti, yana kira a fito da jirgin a ƙara cusa auduga tsakanin katakan. Wasu 'yan kallo suka goya masa baya. Irene tana zaune a kujerarta, idonta a kan Khalil. Ni na san in aka ƙara auduga, katakon zai tsage idan ya kumbura, amma na kame bakina, don ba ni ake gwadawa ba.

Khalil ya tsaya yana kallon ruwan na hawa. Can sai ya je gaban mahaifinsa, ya rusuna, ya karɓi bokitin da hannu biyu. Yaron da kullum nake yi wa Hausa yana ba ni amsa da Turanci, da Hausa ya ce, "Abba, a bar shi ya sha. Haka Kaka yake yi."

Baba, labarin da nake ba shi yana ƙarami ke nan, yadda kuke barin sabon jirgi cike da ruwa a bakin Kwara har katako ya kumbura ya rufe kansa. Na ɗauka barci yake ina surutuna.

Bayan 'yan kwanaki suka kwashe ruwan, cikin jirgin ya bushe ƙayau. Mai kamun ƙaguwar da ya sa a yi masa jirgin ya fita da shi, ya dawo da kwanduna cike. Baban Khalil ne yanzu ke nuna wa mutane hoton a masallaci.

Irene ta sallami masu otal. Ta ɗauki guduma da hannun nan mai rawa, ta kafa sabuwar ƙusa kusa da ta mijinta. Khalil ya ce ba zai rataya komai a kanta ba sai gizagonku, wanda kuka gada wurin mahaifinku. Na san kun ce ba zai bar gidanmu ba sai dai zuwa hannun masassaƙi. To an samu. Akwai mai zuwa daga Sakkwato bayan Sallah, Nasir ya san shi, sai ku ba shi gizagon ya taho da shi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku mai alfahari da ku,
Saudatu.