Wasan da Sallau Ya Yi wa Inna Nula

Malbaza

Ɗiyata Raihanatu,

Bayan gaisuwa, yaya sanyin Dublin da karatu? Mu nan lafiya lau, sai abu guda da ya tsaya mini a rai.

Manzon gwamnatin Ayalan ya zo jin koken 'yan ƙasarsu da ke zaune Nijar, wai suna tsoron a tsananta iyakarsu da Ingila. Inna Nula, 'yar Ayalan ɗin da ta yi miki hanyar lakwal, wato makarantarki ta Dublin, ta tara su gidanta, ta zaunar da ni gaba. Da na ji maƙwabta ne masu tsohuwar rigima, na ce ashe taubasai ne, kamar Gobirawa da Yarbawa. Na miƙe don in sa su dariya, na ce, "Mi kuke tsoro? Ai ku bayin Ingila ne, bawa ba ya gudun ubangijinsa!" Tafinta ya juya musu maganata da Turanci. Inna Nula ta tashi ta shige ɗaki. Mi na ɓata?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Sallau

Dublin

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa, a gaida mahaifiyata da su Hafsat.

Innalillahi! Baba, su ba su da wasan taubasai. Abin da kuka faɗa, da gaske aka yi musu shi, har yanzu bai warke ba. Garin su Inna Nula bakin iyaka yake, kamar Konni. Na je gidansu da hutu, yayarta ta nuna mini shingen da sojan Ingila suka harbe ƙanensu yana komowa daga kiwo. Tuwonsu na ci, ɗakinsa na kwana. Yanzu da wane ido zan dube su? Kunya kamar in nutse. Don Allah ku tafi da kanku, kada ku aika kowa.

Ku huta lafiya.
Ɗiyarku, Raihanatu

Malbaza

Raihanatu,

Gaisuwa mai yawa. Na tafi, na tuɓe takalmi tun daga zaure, na duƙa da furfurata na ba ta haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce ba komai.

Amma da Faransanci ta faɗa, ɗiyata. Matar da muke Hausa da ita tun kina goye.

Ki sa ni a addu'a.
Sallau