Ƙwan Bature da Cikin Sakinatu

Daga ƙanwarki Fatimatu a Jibiya zuwa ga Yaya Adama a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya, ke da maigida. Malam Uwaisu ne yake rubutawa ina faɗa masa. Mu nan sai godiya, amma damina ta yi gardama, rumbuna sun yi ƙasa tun kaka. Yaya, ki zauna kafin a ci gaba da karanta miki, don maganar ɗanki Ya'u ce.

Bayan tafiyarki Turawa sun kafa duwatsu arewa da gari, sun ce nan ne iyaka. Gonar Ya'u da zabinsa suka faɗa ɓangaren Faransa. Da rani wani Bature ya sauka a mashigar iyakar shi da sojojinsa, ya ce kowace safiya a kai masa kwandon ƙwai. Da abin ya zo kan Ya'u, ya je da ladabi ya gaya wa tafinta cewa zabuwa sai da damina take saka ƙwai, kaza kuwa takan yi kusan kullum, amma sai ta ƙoshi, namu kajin ko dusa ba sa samu. Allah kaɗai ya san abin da tafintan ya juya wa Baturen. Aka yi wa Ya'u bulala gaban jama'a, aka ɗora masa kaya, aka yi arewa da shi cikin 'yan dako.

Kin san matarsa Sakinatu da daɗewar da ta yi ba haihuwa. Duk wata idan ta ga al'adarta sai ta shige ɗaki ta ƙi abinci. Ta taɓa ce mini tana watsa wa kaji tsaba tana jin kunyarsu. Rabi ungozoma kan rarrashe ta, ta ce mace ba kaza ba ce, sau ɗaya a wata ake buɗe mata ƙofar rabo, in ya wuce sai ta jira wani watan. To, tun da aka tafi da Ya'u Sakinatu ba ta sake ganin al'adarta ba. Rabi ta duba ta tabbatar ciki ne. Har waƙa na ji Sakinatu tana yi wajen daka.

Shekaranjiya Ɗanladi na Gangara, wanda aka kama su tare, ya gudo ƙafafu duk sun fashe. Ya ce Ya'u ya faɗi da zazzaɓi kusa da wata rijiya, bai tashi ba. Shi da wani Bafillace suka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, Yaya.

Sakinatu ba ta sani ba tukuna. Rabi ta ce a ɓoye mata kada cikin ya zube, Malam ya ce dole ta shiga takaba. Ɗazu ma ta tambaye ni ko Ɗanladi ya zo mata da saƙo, na ce bai huta ba. Gobe ni zan faɗa mata, tunda ni na goya Ya'u. Ki biyo ayarin fatake na farko ki taho, ko me Allah ya yi da cikin nan, kada ta fuskance shi babu ke.

Ki gaida maigida Maharazu da Luba da Ummaru. Inna Salmatu tana yi miki ta'aziyya.

Taki har kullum,
Fatimatu