Yadda Na Gyara Kakanka Lunis

Zuwa ga jikana Yidir,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a wannan Kanada taku mai sanyi. Mu nan ƙauye lafiya lau, sai guiwata da ke ta ƙorafi kamar uwarka. Har yanzu ba ka kawo mana mata ba, ko duk sun ga hancin nan naka sun gudu?

Ka san aladun daji sun addabi gonar ɓaurenmu. Mazan gari suka shirya fita korarsu, amma hukuma ta ce ba mai ɗaukar bindiga sai ya yi kwas na kiyaye haɗari ya ci jarrabawa. Ana iya karatun a waya ko a je birni kwana uku. Kakanka ya ce shi da ya shekara hamsin yana farauta ba zai koyi bindiga a cikin waya ba, ya sa burnus ɗinsa, alkyabbar nan tasa, ya tafi birni yana taƙama.

To, ya faɗi! Malamin ya miƙo masa bindiga ya ce babu harsashi a ciki, shi kuwa ya karɓa ya rataya. Malam ya ce ai sai ka buɗe ka duba, Baba. Kakanka ya harzuƙa, ya ce a dutsen nan idan namiji ya faɗi magana ka bincika, ka kira shi maƙaryaci ke nan, kuma shi ba a haife shi ya ci mutuncin ɗan mutane ba. Ya dawo ya ƙi cin tuwon kuskus. Abokinsa Arezki, da ya ci jarrabawar, ya riƙa wucewa ta ƙofarmu yana tambaya ko tsoho na bukatar a ɗauko masa sanda ya bi mata tsintar zaitun.

Saura mako guda a sake jarrabawa, in ya faɗi kuma sai baɗi. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma busasshe ma in an jiƙa yana lanƙwasa. Na ba shi kofi na rantse na sa sukari, ashe gishiri ne. Na ce na kakkaɓe takalminsa, ya zura ƙafa ya taka wake. Ya ce ke Wardiya, shaiɗan ya shige ki ne? Na ce malam sarkin mutunci, ashe matar shekara hamsin ma ba a yarda da ita, balle ƙarfe? Kwana huɗu, ko ruwa na ba shi sai ya leƙa.

Ranar jarrabawa malam ya sake cewa babu komai. Kakanka ya juya bakin bindigar ƙasa, ya ce ɗana, ka yafe mini, ya buɗe. Sai ga harsashin gwaji a ciki! Ɗaki ya ɗauki tafi. Jiya Juma'a shi ya jagoranci maza, sun kori aladu har bayan rafi, kowa ya dawo da ƙafafunsa, ɓaurenmu ya tsira. Yanzu yana dandali yana ce wa samari wai tun yana yaro haka yake yi. Na ƙyale shi, miji ne.

Ka gaida kawunka Muhand da Tasadit da yaransu. Innarka Melha tana gaishe ka. Allah ya tsare min kai.

Kakarka,
Wardiya