Gola Ɗaya Suke So

Litinin, 5 ga Oktoba, 1992
Abdulmuhaimin ya zo. Ɗalibina ne tun ina malamin wasanni a Argungu, yanzu shi ne kocin sabuwar ƙungiyar ƙwallo ta nan Birnin Kebbi. Wai in taya shi duba yaran da suka zo gwaji. Na ce gwiwa ba ta kai ni masallaci ma sai da sanda. Ya ce, "Malam, idonka nika so, ba ƙahwarka ba." Tun rasuwar matata Laure ba wanda ya nemi wani abu a wurina.

Laraba, 7 ga Oktoba
An ba wani yaro aikin ɗauko ni a keke. Zayyanu, daga Augie. Gola ne. Surutu tun daga ƙofar gida har fili.

Asabar, 10 ga Oktoba
'Yan wasan baya da na gaba ba wuya, mun gama da su. Gola ne matsala. Su biyu suka rage, ɗaya za a ɗauka: Zayyanu da Aminullahi na Nasarawa.
Zayyanu a gulbi ya tashi, yana kamun kifi da hannu. Ƙwallon ƙasa ba ya wuce shi, yakan faɗa masa ya danne a ƙirji kamar mai tsoron kada ya sulɓe. Amma idonsa kullum ƙasa. Ƙwallo ya zo ta sama, sai ya tsaya cikin raga yana jira.
Aminullahi ba ya gaisuwa yadda ya kamata. Amma ƙwallon sama, yana fita ya tare.

Talata, 13 ga Oktoba
Da Zayyanu ya maido ni bai tafi ba. Ya ɗebo ruwa, ya gyara ƙyauren ɗaki, muka ci tuwo kwano ɗaya. Ya ce, "Baba, in an ɗauke ni nan zan zauna wurinka, ka ga ɗakin ga banza shike." Na yi dariya. Na daɗe ban ji dariyata a gidan nan ba.

Alhamis, 15 ga Oktoba
Na sa a yi ta buga wa Zayyanu ƙwallo ta sama. Na ce ya fito. Ya fito a makare, sau da yawa. Na ce wa kaina zai koya. Shekara nawa na yi ina kallon yara, na san wanda zai koya a wata guda da wanda sai ya shekara.
Abdulmuhaimin ya ce wanda na faɗa shi zai ɗauka. Da bai ce haka ba.

Juma'a, 16 ga Oktoba
Ban ci komai ba.

Asabar, 17 ga Oktoba
Na ce Aminullahi.
Zayyanu ne ya maido ni. A ƙofa ya riƙe keken har na sauka. Ya ce, "Kai ka hwaɗi, Baba?" Na ce ni ne. Na fara yi masa bayanin ƙwallon sama, ya ce, "Ba komi. Allah shi ƙara lahiya." Gobe zai koma Augie, dashen albasa ya kusa.

Laraba, 21 ga Oktoba
Shiru. Maƙwabciya Sauda ta aiko da kunu, ya huce a inda aka ajiye.

Lahadi, 1 ga Nuwamba
Wasansu na farko, da 'yan Argungu. Ban yi niyyar zuwa ba, aikina ya ƙare. Iska kawai na fita sha, mai babur ɗin kabu-kabu ya tsaya, sai ga ni a filin wasa.
Ana dab da tashi aka bugo kwana. Aminullahi ya ratsa mutane ya cafke a sama. Wai ni ne na miƙe tsaye ba sanda ina ihu, "Haka nan, yarona!" Na kusa da ni ya ce jikana ne? Na lalubo sandata na zauna.
Yaron bai ko waiwayo ba. Mara kunya.
Talata suna atisaye da la'asar. Na gaya wa mai kabu-kabu ya biyo, ko da ba zan je ba.