Tarin Baba a Rediyo

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan waƙarka, Dogo da Ƙwaro. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna ba ta san ina rubuta wannan takarda ba.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa kamar a zamanin da. Na kira wayarka har na gaji, kullum wani mai shaƙaƙƙiyar murya ne ke ɗauka, wai shi manajanka, wai in bar saƙo. Ni da na goya ka, ni zan bar saƙo! Shi ya sa na ba direban motar da ke zuwa wajenku wannan, ya damƙa maka hannu da hannu.

To, waƙarku ta iso. "Numfashi" ta cika layinmu. Mai cajin waya da ke jikin shagona tun safe yake sa ta, har na haddace, da ita nake taka keken ɗinki. Masu kawo ɗinki sai su ce, "Ashe ƙaninki ne?" ni kuwa in gyara zama kamar ni na rubuta. Gaskiya ka burge ni. Wurin nan da kake cewa mutum ya shiga masana'antar niƙa dutse da huhu biyu ya fito da takardar sallama, sai da na tsayar da keke na share ido. Ban taɓa zaton yaron da Baba ke kora saboda buga bokiti shi zai faɗi abin da unguwa guda ta kasa faɗa ba.

Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki biro ba. Shekaranjiya Inna ta kawo min abinci shago. Tana bakin ƙofa aka sa waƙar. Ka san wurin da kiɗa ke tsayawa, a ji tarin wani mutum, gajere, gajere, sannan mai tsawo da ɗan fito a ƙarshe? Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ta waiga bayanta, Auta. Waigawa ta yi tana neman sa. Ni na sha jin waƙar ban kawo komai a raina ba, tari ai tari ne. Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Babanku ne." Na ce, "Haba Inna, masu tari a duniya sun fi a ƙirga." Ta ce ita ta zauna da wannan tari shekara da shekaru, ba ni zan koya mata shi ba.

Ka rubuto ka ce min ba shi ba ne, in karanta mata ta samu natsuwa. In kuwa shi ne, ka faɗa min yadda aka yi mutumin da muka binne bara ya shiga rediyo.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ban girma gare ki da Inna. Manajan nan na ja masa kunne, yanzu ko tari kika yi a waya zai miƙe tsaye. Au, ki gafarce ni, bakina ne ya riga ni.

Shi ne, Yaya. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Kin tuna lokacin da yake kwance a asibiti, ranar da na karɓe ki jinya kika tafi kai ɗinki? Ranar jikin ya yi sauƙi, yana ta hira, sai na danna waya na ɗauki muryarsa bai sani ba. Bayan rasuwar muna ɗakin Dogo muna fama da waƙar, baitoci sun zauna amma amshi ya ƙi zuwa. Na kunna muryar don kawai su ji Baba. Da tarin ya zo, Dogo ya ɗaga hannu ya ce in mayar baya. Ya kaɗa yatsa a kan tebur ya ce, "Wannan ai a kan kiɗa yake." Haka aikinmu yake, Yaya. Ƙarar ƙofa, kukan mota, duk abin da kunne ya kama, a yanko shi a jera a kan ganga. Dogo ya ɗora tarin a kan kiɗan. Ƙwaro da bakinsa ba ya rufuwa, fita ya yi waje.

Ki dubi abin da ya biyo baya. 'Yan jarida sun ɗauki kyamara sun je masana'antar da Baba ya yi wa aiki. An raba wa ma'aikata takunkumin rufe hanci, an ja bututun ruwa zuwa wurin injin don ƙura ta kwanta. Abin da Baba ya roƙa har ya gaji, waƙa ɗaya ta kawo shi. Babban kamfanin faifai ya sa hannu da mu, gidajen rediyo sun ce tun da shekara ta kama ba a nemi wata waƙa kamar tamu ba. Da kin ga filin wasa ran Asabar! Kiɗa ya tsaya, dubban mutane suka yi tsit, Baba shi kaɗai ke da filin. Mutumin da ko a taron ma'aikata ba a taɓa miƙa masa lasifika ba.

Na san ya kamata in fara gaya wa Inna. Na ce bari waƙar ta fito tukuna, da ta fito kuma sai ta fi ƙarfina. Ki lallashe ta, ke kin san kanta. Ga yadi da sabuwar waya nan a hannun direba, nata ne. Ke kuma ki zo ki ga gidan da na kama, har ruwan zafi ke fita a famfo.

Allah ya bar mu tare.
Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, don gaisuwa hakki ce. Saƙo ya iso. Yadin yana nan a ledarsa, wayar tana nan a kwalinta.

Na karanta wa Inna takardarka daga farko har ƙarshe, wurin ruwan zafi kawai na tsallake. Da ta ji maganar takunkumi ta ce alhamdu lillahi, ta yi wa ma'aikatan addu'a. Ba ta ce ka yi laifi ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Kai kana ganin fili ya yi tsit. Bari in gaya maka abin da muke gani a nan. Yaran layi sun ƙirƙiro rawa. In wurin tarin ya zo sai su sunkuya, su dafe ƙirji, su girgiza kafaɗa, su kwashe da dariya. Ba mugunta ba ce, ba su san shi ba. Amma a ƙofar gidanmu suke yi. Maƙwabcinmu mai gyaran babur ya mayar da tarin ƙarar wayarsa. Ran nan da hantsi wayar ta yi ƙara ta bayan katanga, Inna tana tsintar shinkafa. Kafin in ankara ta ɗebi ruwa a kofi ta nufi ɗakin Baba. Sai da ta kama labule ta tuna. Ta daɗe a tsaye da kofin a hannu, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Yanzu ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa shagona. Jiya kuma muka ji tarin a talabijin, a tallan maganin tari. Wani ƙato lafiyayye ya dafe ƙirji, muryar Baba ta fito daga bakinsa, ya sha cokali guda ya tashi yana tsalle. Wannan ma don ma'aikata kuka yi?

Ka manta wane ne Baba? Mutumin da in tari ya taso masa a gaban baƙi sai ya ce zai duba wani abu a bayan gida, ya je can ya toshe baki da hula. Ko a gabanmu kunyar abin yake ji. Abin da ya yi ta ɓoyewa shi ka ɗauka ka raba wa duniya, har ana rawa da shi. Raina ya ɓaci, Auta, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Inna ta ce in gaya maka abu biyu. Na farko, a cire shi daga waƙar. Na biyu, sai da ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa. Ta ce tunda ka ce ranar yana ta hira, to ka aiko mata da hirar. Ta ce fuskarsa tana nan a hoto, amma muryar ta fara ɓace mata, in ta so tuno yadda yake kiran ta sai tarin ya rufe. Saboda wannan kaɗai ta ce in koya mata kunna sabuwar wayar.

Ka gaida Dogo, ka ce masa ya iya aiki.
Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, in za ta amsa. Ki yafe jinkirin amsa. Na fara wannan takarda na yaga ba sau ɗaya ba.

Maganar farko ta yiwu. Na je kamfani na ɗaga murya. Suka nuna min inda muka sa hannu, ashe waƙar da duk abin da ke cikinta nasu ne, tallan ma ba sai sun tambaye mu ba. Amma da lauyansu ya ji cewa mai muryar bai san an ɗauke shi ba, kuma matarsa tana raye, sai jikinsa ya yi sanyi. Za su janye waƙar daga rediyo da ko'ina, su sake fitar da ita da tarin wani. Har sun kawo wani ɗan wasan kwaikwayo, ina zaune yana ta gwadawa, ana ce masa ya ƙara fito a ƙarshe. Ƙarshen wata za a yi canjin. Abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ni da iko a kansa, amma sabo yana fitowa tsoho zai kwanta. Ƙwaro ya ce na kashe waƙar, tun ranar ba ya min magana. Wataƙila ƙungiyar ma ta zo ƙarshe. Ban damu ba.

Magana ta biyu ce ta hana ni rubutu.

Babu hirar, Yaya.

Kwamfutar Dogo tsohuwa ce, kullum a cike take. Yadda yake aiki, in ya yanko abin da yake so, sai ya share ragowar nan take don a sami wuri. Hannunsa ya saba, ko tunani ba ya yi. Shi yana ganin akwai a wayata. Ni kuma da na tura masa sai na share tawa don in ɗauki sababbin baitoci, ina ganin ai tana wurinsa. Kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Mun kai kwamfutar da tsohuwar wayar wurin masu gyara, kowa ya gwada iyawarsa, suka ce an daɗe da rubuta wasu abubuwa a kai. Dogo ya zauna a ƙasa yana kuka kamar nasa uban ne. Abin da ya rage na muryar Baba a duniya shi ne abin da muka ga zai yi amfani a waƙa.

Na tuna abin da Baba ya faɗa ranar. Ya tambaye ni ko Inna ta ci abinci, ya ce in ba a tsare ta ba ba za ta ci ba. Ya yi ƙorafin shayin asibiti, ya ce nata ma da ba ta sa sukari sosai ya fi. Ya ce in ya warke zai gyara mata ƙofar kicin da ke ƙara. Sai ya yi dariya, dariyar ce ta jawo tarin. Wannan tari da kowa ke ji, ƙarshen dariya ne, Yaya. Mu muka yanke dariyar.

Kalmomin ke nan, muryar kuwa ba ni da ita. Ban san yadda za ki gaya mata ba. In ta ce kada in sake taka gidan, ba zan ga laifinta ba.

Ki sa ni a addu'a.
Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Innarka ce ke magana, yayarka ke rubutawa. Na ce kada ta ƙara kada ta rage.

Na ji duka. Ashe dariya yake yi. Ban sani ba, na gode da ka gaya min.

Su cire shi kamar yadda suka ce, mutane su yi rawarsu da tarin wani. Ka gaya wa yaron nan Dogo ya daina kuka. Amma kafin ƙarshen wata ya yi min aiki ɗaya. Tunda ya iya yanka, ya yanko min Babanku shi kaɗai, ba ganga, ba muryarka, ba ta kowa. Ka sa min a wayar nan da ka saya.

Kada ka ba direba. Ka kawo da kanka, ka nuna min inda zan danna.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka.