Kaset ɗin Jamusawa da Kawu Ya Shafe

Yaya Bala,

Sallama gare ka, ko da yake na san ba za ka karanta wagga takarda ba, kabari ba ya da masinja. Amma in tambaye ka: don mi ka tafi ka bar ni da mutanen da ba su da kunne?

Inna tana lafiya. Gero ya yi kyau bana. Rumfarka ta gyaran rediyo a kasuwar Bukkuyum, ni ke zaune cikinta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kaset ɗin da Bajamushe mai haƙa rijiyar burtsatse ya ba ka a Gummi. Ganga guda, bugu guda, ba hawa ba sauka, kamar mota ta miƙe hanya babu birki. Jita na gurnani kamar injin niƙa ya ci tsakuwa. Ba kirari, ba sunan attajiri. Kai ka ce mini waɗannan makaɗa ba su roƙon kowa. A bayan kaset ɗin ka ɗauki luguden Inna haɗe da gangar Jamusawan, ka ɗora muryarka a kai.

Kawu Mamman ya ɗauke shi ran sadakar bakwai. Da ya ji bugun bai canzawa, sai ya zaci kaset ya lalace. Ya danna maɓallin ɗauka, ya naɗi saƙon murya a kai zuwa ga ɗansa a Ikko, a aiko mashi da taki da tocila. Muryarka, Yaya, aka binne da tocila! Da na ƙwace shi na tsare Kawu, kunya ta sa ya bi gari yana cewa kiɗan aljanu ne, wai kiɗan ya kashe ka. Sanƙarau ya kashe ka, kowa ya sani. Yanzu saboda tsegumin mutane, Inna ko gidan suna ba ta shiga.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ni na fara kiransa kiɗan aljanu, don majalisa ta yi maka dariya. A bakina Kawu ya tsinta. Ka yafe mini.

Na samu tsohuwar mujallar Turanci da aka ƙunso kayan gyara ciki. Kwana uku ina fama da ita da ƙamus. Ashe har yau makaɗan duniya sawun Jamusawan nan na kaset suke bi. Ni kuwa ko ɗan kabu-kabu ya wuce, bugun nake ji.

Surutun Kawu bai kai ƙarshen zare ba. Akwai saura kaɗan: taɓarya, ganga, sai dariyarka. Ran kasuwa zan ɗaura lasifika bisa rumfa, in sako saƙon Kawu na taki da tocila, in sako ka. Kawu ya fito gaban jama'a ya nuna mana inda aljanin yake.

Allah ya haskaka kabarinka.

Ƙanenka mai bakin nan,
Isiya