Littafin Kuskuren Yara

Yaya Malama,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon gwiwarta? Ya 'yan ajinki? Ni lafiyata ƙalau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san an sa ni a kwamitin gyara littafin lissafi na firamare. Mu tara ne, duk masana, amma wallahi babu wanda ya taɓa tsayawa gaban aji. Malamai suka aiko mana da kwali uku na takardun jarrabawar yara. Shugabanmu, wani farfesa, ya ce a ware waɗanda suka ci, a zubar da sauran!

Na ciro ɗaya daga kwandon shara. Wata yarinya ta rubuta rabi da rabi sun zama biyu bisa huɗu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nan aikinmu yake. Me ya sa ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa?" Ya ce, "Mu lissafi muke yi, ba raino ba." Suka tuntsire da dariya.

Na faɗa masa maganar da ba zan maimaita miki ba. Yanzu teburina yana bakin banɗaki. Ba komai, akwai iska. Kada Inna ta ji.

Yaya, littafin nan da kike tara kuskuren yara a ciki, wanda na yi wa dariya ranar da na samu digiri, ki yafe mini. Ki ɗauki hotonsa shafi-shafi ki turo kafin Litinin. A gabansu zan buɗe shi.

Allah Ya ƙara miki haƙuri da mu.

Ƙaninki